Ranar da Aka Gaisa da Jonah

Ranar Talata Magdalena ta ƙona albasa tana tsaye a kan tukunyar. Mijinta Jonah na tsugune a bakin ƙofar kicin yana gyaran alayyahon da ya yanko a lambu, shi ya fara jin ƙaurin.

"Maman Prudence, abu na ƙonewa."

"A ina?"

"A gabanki."

Ta dubi tukunyar, baƙin hayaƙi na tashi. Ta sunkuya ta shaƙa, ta sake shaƙa. Sai ta ɗauko daddawa a kwano ta kai hanci, ta daɗe tana riƙe da ita. Shekara ashirin da bakwai tana yi wa gidan Alhaji Nazeer girki, ba ta taɓa auna komai da cokali ba. Hancinta ne ma'auninta.

"Ba na jin komai," in ji ta a hankali. "Kamar ruwa nake shaƙa."

Makon farko ne na dokar kulle. An rufe Abuja, an rufe kasuwa, an rufe masallaci da coci, an girke shinge a Mararaba. Shi ma Gidan Tsamiya, otal ɗin da Alhaji Nazeer ya gina bayan ya yi ritaya daga ma'aikata, an rataye masa allo a get cewa a rufe yake. Yana can gaba da Masaka kafin a kai Uke, sai an saki kwalta an bi ta cikin mangwarori. Ɗaki goma sha biyu ne da ciyawa shar da wurin wanka. Amma kowace Asabar da Lahadi, da ƙarfe ɗaya na rana, get ɗin kan buɗe wa manyan motoci masu takardar aikin dole a manne a gilashi. A wannan gari duk mai direba aikinsa na dole ne.

Abin da ke kawo su abinci ne. Kala bakwai ake jerowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti mai faɗin tire. Gwaten acca da Magdalena ta koya a wurin kakarta, wanda a ƙauyensu ake sha a ƙwarya ana korar kaji, a nan cokali uku ake zubawa a tangaran, a ɗora ganye ɗaya a kai, a sa masa sunan da ita kanta ba ta iya faɗa. Zabo da romon tsamiya. Dambun nama da aka barbaɗa kamar ana jin tsoron ya ƙare. Fura mai ƙanƙara. A ƙasan takardar abincin an rubuta sunan mai girki: Nazeefa Nazeer.

Nazeefa 'yar autar gidan ce, Magdalena ce ta goya ta. Ta dawo daga Landan kwana goma da suka wuce, a cikin jiragen ƙarshe kafin a rufe filin jirgi. An ce ta zauna a ɗaki mako biyu. Ta zauna har lokacin da ƙamshin miya ya hau bene. Ta sauko da gudu ta rungume tsohuwar ta baya tana ihun "Mama Magda!", ta ci a cokalinta. Ta yi tari kwana uku, ta sha zuma, ta warke. Shekararta ashirin da huɗu. Magdalena ta haura sittin, ga ciwon suga.

Da aka faɗa wa Hajiya Kauthar, matar gidan, zancen hanci, ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba.

"Mura ce. Mai taya ki aiki, Lucy, ta riƙa ɗanɗana miki."

"Hajiya," in ji Jonah, "a rediyo sun ce wannan ciwon..."

"Rediyo ne likitanka yanzu? Jonah, je ka ba furanni ruwa."

Ya je ya ba furanni ruwa. Shekara ashirin da bakwai yana zuwa inda aka ce ya je. Da can shi ke tuƙa Alhaji, da ido ya yi rauni aka miƙa masa tiyo da almakashi.

Ranar Asabar Magdalena ta yi girkin mutum goma sha huɗu da zazzaɓi a jikinta, Lucy mai taya ta aiki na lasar cokali tana cewa a ƙara gishiri ko a bari. Ranar Lahadi, ana tsakiyar fitar da zabo, ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da firji, ta ce bari ta huta minti ɗaya. Ba ta iya tashi ba.

Ba a mayar da ita ɗakinsu na bayan kicin ba, wai ya yi kusa da abinci. Can ƙarshen lambu aka kai ta, ɗakin da Jonah ke ajiye taki da fartanya, aka jefa katifa a ƙasa. A cikin baƙin ranar akwai Dakta Saleh, abokin Alhaji tun makaranta. Tsakanin zabo da fura aka roƙe shi ya leƙa. Ya zo da ƙyallen goge baki har lokacin a maƙale a wuyan rigarsa, ya tsaya taku biyar daga ƙofa.

"Mama, kanki na ciwo?"

"Eh, Dakta."

"Maleriya ce da taifot. Lokacinsu ne." Ya rubuta magani a bayan takardar abinci ya miƙa wa Lucy. Jonah ya bi shi da kallo har famfon lambu, inda ya wanke hannu har gwiwa, sau uku, hannun da bai taɓa kowa da shi ba.

Washegari aka kwaso zanin gadon Magdalena da matashinta aka ƙona a bayan katanga. Aka ware mata kwano da kofi, aka shafa musu jan fenti a gindi. Abinci a kan dutse ake ajiyewa, Jonah ya zo ya ɗauka.

"Tun yaushe ake ƙona zanin gadon mai maleriya?" ya tambayi Lucy.

"Baba Jonah, ni dai aike aka yi ni," ta ce, ta juya da sauri.

Waya babu. Tun ranar da aka fara kulle Hajiya ta bi ma'aikata tara da kwando ta karɓe wayoyinsu, don kada wani ya ɗauki hoton baƙi. Fita ma babu, makullin get na hannun masu gadin haya, kuma umarnin Alhaji kaɗai suke ji. An ce don lafiyar ma'aikata ne, kada su je Masaka su kwaso cuta su kawo gida.

Ranar Talata Jonah ya sami Hajiya a baranda.

"Hajiya, a taimaka mini da wayata. Zan kira Prudence."

"Ka ce mata me?"

"Uwarta ba lafiya."

"Ka tayar wa yarinya hankali a banza? Tana Mararaba, ba mota, ba hanya. Kuka kawai za ka sa ta. Bari uwar ta ji sauƙi ta kira ta da bakinta, ya fi daɗi." Ta gyara gyale. "Jonah, mu fa ba mu ɗauki Magdalena ma'aikaciya ba. 'Yar gida ce. Abin da za mu yi wa kanmu shi muke yi mata. Ga citta da tafarnuwa na sa an dafa, a yi mata sirace da darbejiya."

Aka yi sirace. Tari ya sauka ƙirji.

Da yamma Nazeefa kan zo tagar ɗakin taki da littafi da biro, takunkumi biyu a fuskarta. Girkin ƙarshen mako na matsowa, kuma mai sunan da ke kan takarda ba ta san yadda ake haɗa romon tsamiya ba.

"Mama Magda, sannu. Ya jiki? Daddawa cokali nawa kike sawa?"

"Ba na... cokali, 'yata. Har sai ta yi ƙamshi."

"Wane irin ƙamshi? Minti nawa?"

Magdalena kan ja numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ta ba da amsa guntu-guntu. Jonah na zaune a kan buhun taki yana yi mata fifita da kwali, yana kallon biron na gudu. Yarinyar ba muguwa ba ce. Ranar Laraba har kuka ta yi a bakin tagar. Da ta gama ta share ido ta tambayi yadda ake hana acca dunƙulewa.

A ranar ne ya tare Alhaji a hanyar wurin wanka.

"Oga, numfashi na gagarar ta. A kai ta asibiti."

"Wane asibiti, Jonah? Ka san halin da asibitoci ke ciki yanzu? Mai lafiya ma ya shiga sai ya kwaso. Nan ta fi samun kulawa. Saleh ya ce a ƙara mata kwana biyu a kan maganin."

"To a kira masu gwaji. Lambar da ake faɗa a rediyo."

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? In suka zo, rufe gidan nan za su yi. Su bi sunan duk wanda ya taka nan. Mutanen da ka gani a teburin can, ka san su waye? Sannan a ce wa ya kawo. Gobe ka ga sunan Nazeefa a jarida, yarinyar da matarka ta goya. A kan maleriya?"

"In maleriya ce, Oga, gwaji zai nuna."

"Ka fara gardama ke nan da tsufanka." Ya mayar da tabarau. "Mota ma babu mai takarda yau. Bari mu ga gobe."

Motoci huɗu ne a rumfa, Jonah ne ke wanke su.

Ranar Alhamis da hantsi leɓɓanta suka canza launi. Jonah bai tambayi kowa ba. Ya wanke baron da yake kwasar taki, ya shimfiɗa bargo, ya ɗauke ta ya kwantar. Ba ta da nauyi, matar da a da in ta zauna a bayan babur sai taya ta lotsa. Ya tura ta ta tsakiyar ciyawar da aka hana ma'aikata takawa, ya wuce wurin wanka, har get. Ya san daga nan zuwa kwalta tafiya ce mai nisa, ya san babu motar haya. Bai yi tunanin abin da zai yi a can ba. Get ɗin kawai yake so ya wuce.

Masu gadi suka ja baya suna rufe hanci da hula.

"Baba, ba mu da oda."

"Buɗe."

"Wallahi ba mu da oda, Baba. Kada ka sa a kore mu."

Alhaji ya iso cikin kayan motsa jiki, ya tsaya nesa. Bai yi tsawa ba. Da ya yi tsawa da ya fi.

"Jonah, saurare ni. Ni ba zan hana ka ba. Amma bari in faɗa maka abin da zai faru. A shingen farko za su karɓe ta. Su sa ta a mota ita kaɗai, su kai ta inda ba za ka shiga ba. Ba mai ba ta ruwa, ba mai juya ta. In ta cika, a leda za su naɗe ta, su binne inda ba ka sani ba, ko fuskarta ba za ka gani ba. Abin da kake so wa matarka ke nan? A nan aƙalla kana gefenta. Na yi magana da Saleh, gobe da safe zai turo tukunyar iskar numfashi. Na yi maka alkawari."

Jonah ya tsaya riƙe da hannayen baro. Sai ya ji yatsunta a wuyan hannunsa.

"Baban Prudence," ta ce, da ƙyar. "Mayar da ni. Kada ka... jawo wa Nazeefa magana."

Ya juya baron. Wannan juyawar ita ce abin da bai yafe wa kansa ba, kuma Alhaji ne ya sa shi ya yi ta da hannunsa.

Juma'a da safe tukunyar iska ba ta zo ba. An ce direban Dakta ya maƙale a shinge. Da azahar aka ce tana hanya. Wajen ƙarfe uku Magdalena ta nemi ruwa, ta kasa haɗiya, ta kama rigar Jonah ta riƙe. Ya riƙa karanta mata addu'ar da ya iya, yana maimaitawa, har ya lura shi kaɗai yake ji.

Motar da ta gagara kwana biyar, cikin minti ashirin ta samu. Har da takarda a gilashi. Dakta Saleh ya turo shaidar mutuwa ta waya, an rubuta taifot da ciwon suga. Asabar da sassafe, jajibirin Ista, aka binne ta a Masaka: Jonah, fasto ɗaya mai sauri, da masu haƙa biyu. Kafin goma an dawo da shi, saboda akwai baƙi da rana kuma ba a yanko latas ba.

Sai a lokacin Hajiya ta ba da waya, tata, a buɗe kowa na ji, tana tsaye taku biyar.

Prudence ta yi kururuwa har muryarta ta dushe. Sannan ta ce, "Baba, me ya kashe ta? Me ya sa ba a kira ni ba? Baba, me ya kashe Mama?"

Jonah ya dubi Hajiya. Hajiya ta dube shi.

"An ce taifot," ya ce.

"Ka kyauta," in ji Hajiya bayan ta kashe wayar ta goge ta da sinadari. "Allah ya ba ka haƙuri. Mu ma mun yi rashi."

Lahadi da safe yana tsinkar na'ana'a don furar baƙi, sai ya murza ganye ɗaya ya kai hanci, yadda ya saba. Babu komai. Ya murza ɗoɗɗoya. Ya je ya buɗe buhun takin kaji ya tura fuska ciki. Kamar ruwa. Bayansa na ciwo tun jiya, ya ɗauka taya haƙar kabari ne da kuka.

Bai ɓoye ba. A rubuta wannan a inda ake rubuta irinsa: bai ɓoye ba. Ya je ya sami Hajiya tana duba jerin faranti.

"Hajiya, ni ma hancina ya tafi. Yadda nata ya fara."

Ta ja baya har ta bugi tebur.

"Baƙin ciki ne. Yana sa haka. Ka ajiye ganyen a kan dutse, ka koma lambu, kada ka matso nan. Kuma kada ka tayar wa Alhaji hankali yau, Mai Shari'a zai zo. Gobe ma yi magana."

Ya koma lambu ya zauna a kan baro.

Mutum goma sha huɗu ne a teburin, a babban zauren da tagoginsa ke kallon ciyawa. Da suka iso, gwiwar hannu suka riƙa haɗawa suna dariya, takunkumi a ƙarƙashin haɓa kamar gemun aro. A cikinsu akwai tsohon alƙali, Mai Shari'a Ameer, wanda ya san gidan Alhaji tun suna Garki. Da aka kawo gwate ya kai cokali ɗaya, ya ajiye.

"Nazeer, wannan ba hannun Magdalena ba ne. A bar zancen takarda, ni na san mai yi mana girki. Ina take?"

Alhaji ya sunkuyar da kai daidai yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, ban so in ɓata muku cin abinci ba. Allah ya yi mata rasuwa shekaranjiya. Taifot, ga suga. Ba abin da ba mu yi ba, ga Saleh nan shaida. Shekara ashirin da bakwai. Ita ta goya mini yara. Wallahi kamar 'yar'uwata na rasa."

Zauren ya cika da salati da "ayya". Alhaji ya ga yadda maganar ta karɓu, sai ya so ƙari.

"Mijinta ma na nan tare da mu, ba za mu taɓa yar da shi ba. Lucy, kira Jonah."

Jonah ya shigo da takalmin roba da tsohon takunkumin atamfa da Magdalena ta ɗinka masa. Shekara shida yana yi wa zauren nan furanni, bai taɓa shiga ana cin abinci ba. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Matso mana. Cire wannan ƙyallen, ba a jin ka. Mai Shari'a ne zai yi maka gaisuwa."

Ya cire.

Tsohon alƙalin ya miƙe da sandarsa. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, gwiwar hannu," sai ya harare shi.

"Ba a gaisuwar mutuwa da gwiwar hannu. Ba a haife ni jiya ba." Ya miƙo hannu biyu. "Jonah, ya haƙuri?"

A daidai lokacin Hajiya Kauthar ta fito daga ƙofar kicin, ta tsaya cak. Jonah ya gan ta. Bai miƙa hannu ba tukuna. Ya tsaya yana kallon ta, ya ba ta lokaci, lokaci mai yawa, har tsohon ya fara mamaki. Kalma ɗaya ta ishe ta. Amma in ta ce kada a taɓa shi, sai an tambaye ta dalili. Ta buɗe baki. Ta dubi teburin, ta dubi mijinta. Ta rufe.

Jonah ya sa hannunsa a cikin na alƙalin.

"Haƙuri sai ma'abocinsa, ranka ya daɗe. Na gode."

Tunda Mai Shari'a ya yi, wa zai zauna a ce ya fi shi tsoron mutuwa? Suka taso ɗaya bayan ɗaya. Tsohon babban sakatare. Mai kwangilar hanyoyi. Wani mai muƙami da ke fitowa a talabijin yana roƙon jama'a su zauna a gida. Jonah bai yi wa kowa rowa ba. Hannu biyu yake ba su, ya riƙe da kyau, ya matso kusa ya amsa gaisuwar a fuskarsu. Dakta Saleh ya so ya ɗaga hannu daga nesa, Jonah ya zagaya teburin ya same shi. Alhaji ya zo ƙarshe, har da dafa kafaɗa, don a gani.

"To, a yi addu'a," in ji Mai Shari'a. "Allah ya ba shi dangana. Allah ya raba ƙasarmu da wannan annoba, ya tsare mu da iyalanmu."

Tafuka ashirin da takwas suka tashi sama. Jonah ya haɗa hannuwansa a kan cikinsa, ya jira. Aka ce amin. Aka shafa, tun daga goshi har gemu, ido da hanci da baki.

"Na gode, manya," in ji shi. "Tunda an kira ni, bari in faɗi yadda ta mutu, don ban ji an faɗa daidai ba. Hancinta ne ya fara tafiya. Sai zazzaɓi, sai tari, sai numfashi. Da zazzaɓin ta dafa muku zabon makon jiya. Kwana biyar tana ɗakin taki ina roƙon a kai ta asibiti. Na roƙi waya, an hana. Na tura ta a baro har get, an hana. Ni na yi jinyarta, ni na wanke ta." Ya ɗan yi tari, ba da gangan ba, bai kuma kare baki ba. "Yau da safe nawa hancin ya tafi. Na faɗa wa Hajiya. Ga ta can, a tambaye ta."

Sai kujera ta faɗi.

Mutanen da aka saba buɗe wa ƙofa suka yi cunkoso a ƙofa ɗaya. Kwalbar sinadarin wanke hannu guda ce a zauren, babban sakatare da mai kwangila suka kama ta tare. Wani ya zuba ruwan lemo a tafi yana goge fuska. Mai talabijin na ihu a waya, "Yanzu! Na ce yanzu, ku turo su!" Mai Shari'a bai gudu ba, ƙafa ba ta ba shi dama. Ya juya ya dubi Alhaji.

"Nazeer. Shekarata saba'in da takwas."

"Ranka ya daɗe, ƙarya yake, baƙin ciki ne ya taɓa masa kai... Ku fitar da shi! Ina masu gadi? Ku fitar da mutumin nan!"

Masu gadi suka zo suka tsaya a baranda, suka leƙo ta taga. Ba wanda ya shigo.

Jonah ya ja kujerar da ke ƙarshen teburin, ta Alhaji, ya zauna. Ya jawo farantin zabo. Bai san wanne cokali ake ɗauka ba a cikin biyar ɗin da aka jera, sai ya sa hannu.

"Oga, ba sai ka wahalar da yara ba. Zo ka fitar da ni da kanka. Ai ɗan gida ne ni."

Alhaji na tsaye a jikin bango, yana riƙe da hannunsa na dama nesa da jikinsa kamar ba nasa ba. Nazeefa na kuka a kan matakala. Jonah ya tauna naman a hankali. Kamar kwali yake a bakinsa. Ya cinye, ya jawo na kusa.

Lambar masu gwaji da ta gagara kira kwana goma sha biyu, a wannan rana an kira ta daga wayoyi goma sha huɗu, wasu ma ba ita suka kira ba, shugaban masu ɗaukar ta suka kira. Hanyar da aka ce ba ta biyuwa ta biyu. Kafin la'asar motocin asibiti uku na tsaye a kan ciyawa, har da tukwanen iska, sababbi, ko ledarsu ba a cire ba. Aka fara da manya, bisa girma. Babu wanda a cikinsu aka ce wa maleriya ce, ya ƙara kwana biyu.

Sai da aka gama da su wata ma'aikaciyar lafiya cikin farar riga har ƙasa ta shigo zauren, ta sami tsoho shi kaɗai a kan dogon tebur, faranti shida babu komai a gabansa. Ta ɗauki abin da za ta ɗauka a hancinsa. Ta taɓa goshinsa, ita ce ta farko da ta taɓa shi tun bayan addu'a.

"Baba, jikinka da zafi. Za mu tafi da kai. Amma kafin nan, akwai wanda ya yi rashin lafiya a gidan nan kafin kai?"

Ta tagar yana hango ɗakin taki, ƙofarsa a buɗe, katifar na nan a ƙasa. Matarsa ta roƙe shi abu ɗaya a bakin get, ya yi mata, ta mutu a kansa. Bai ga dalilin yi mata shi sau biyu ba.

"Zauna, 'yata. Takardarki na da yawa?"

"Akwai, Baba."

"To rubuta. Suna na farko, Nazeefa Nazeer. Zan faɗa miki ranar da jirginta ya sauka, ni na wanke motar da ta ɗauko ta."